Jabun Magunguna: Aikin Da Ɗalibai Mata Biyar Na Makarantar Katolika A Anaca Suka Fara, Da Wanda Ya Rage A Teburin Abuja

Duk wanda ya taɓa tsallaka tsohuwar gadar Kogin Neja daga Asaba ya shiga Anaca, wato Onitsha a bakin masu gari, ya san cewa tun kafin ya gama saukowa daga gadar kasuwa ta riga ta tarye shi. A nan bakin gada ne kasuwar magunguna ta Ogbo-Ogwu take, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, inda ake sayar da ƙwaya da allura da ruwan magani katan-katan, a loda a motoci a bazu da su lungu da saƙo na ƙasar nan. Akwai 'yan kasuwa na ƙwarai a cikinta masu neman halaliyarsu, sai dai wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma an daɗe ana ambaton sunan kasuwar duk lokacin da aka tayar da zancen jabun magunguna.

A wannan gari ne, cikin shekarar 2018, wasu 'yan mata biyar, dukkansu 'yan shekara goma sha wani abu, ɗaliban makarantar sakandaren 'yan mata ta Regina Pacis, mallakar Cocin Katolika, suka zauna suka tambayi kansu wace matsala ce ta fi addabar mutanen da suke zaune a cikinsu. Amsar ba ta yi musu nisa ba. Suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Save A Soul, ma'ana ceton rai, suka ƙirƙiro manhajar wayar salula mai suna FD-Detector domin tantance maganin gaske daga na jabu. A watan Agustan shekarar suka tafi da ita Amurka, suka dawo da lambar zinare.

Mazauna Abuja kada su rikita wannan makaranta da takwararta mai irin wannan suna da ke Garki. Sunan na harshen Latin ne, fassararsa Sarauniyar Salama, kuma makarantun Katolika da dama suna amsa shi.

An yi shagalin nasarar a lokacinta, jaridu suka buga hotuna, manya suka yi jawabai. Abin da bai samu kulawar da ta kamata ba shi ne irin tarbiyyar da ke sa yarinya ta ɗauki matsalar gari ta zama tata, da kuma inda ƙarfinta yake ƙarewa, aikin ya koma hannun mai riƙe da fayil a ma'aikata. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka shafi ma'aikacin gwamnatin tarayya kai-tsaye.

Abin da suka gani

Wata tara kafin tafiyar yaran, a Nuwamban 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna da kayan jinya da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ko dai jabu ne ko kuma bai kai ingancin da aka shimfiɗa ba. Cikin ƙorafe-ƙorafen da hukumar ta tattara tun daga 2013, kashi 42 cikin 100 daga nahiyar Afirka suka fito, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ne kan gaba. Rahoton ya ƙiyasta cewa tsakanin yara 72,000 zuwa 169,000 kan iya mutuwa duk shekara da ciwon huhu saboda an ba su maganin da ba shi da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa.

Nijeriya ba ta buƙatar a ba ta labari. A 1990 yara 109 suka mutu a Ibadan da Jos bayan an ba su ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, aƙalla yara 84 suka rasu sanadin maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda aka samu irin wannan guba a cikinsa. Waɗannan su ne waɗanda aka ƙirga. Wanda ba ya shiga lissafi shi ne yaron da aka ba maganin zazzaɓi mara sinadari a ƙauye, jiki ya ƙi sauƙi, aka ce kwana ne ya ƙare.

Hatsarin jabun magani hawa uku ne. Wani ba komai a cikinsa sai alli ko garin rogo, mai ciwo yana sha cuta tana cin sa. Wani akwai sinadarin amma kaɗan, sai ya ba ƙwayar cuta damar sabawa da magani har ta daina jin sa, wanda hakan ke lalata amfanin maganin gaske ga kowa. Na uku kuma gubar ce da kanta.

Ga 'yan matan Regina Pacis wannan ba darasin littafi ba ne. Ɗaya daga cikinsu ta shaida wa manema labarai a lokacin cewa ɗan'uwanta ya rasu ne bayan an yi masa amfani da jabun magani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata biyar a gaban kwamfuta

Gasar da suka shiga, Technovation, wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka take shirya ta tun 2010 domin 'yan mata zalla. Sharaɗinta mai sauƙin faɗi ne: ƙungiyar da ba ta wuce mutum biyar ba ta zaɓi wata matsala a unguwarta ko garinta, ta gina manhajar da za ta taimaka wajen magance ta, sannan ta tsaya gaban alƙalai ta kare aikinta. Ana ba kowace ƙungiya babba guda mai yi mata jagora, amma zaɓen matsalar da gina manhajar da tsayuwa gaban alƙalai aikin yaran ne.

'Yan Anaca sun yi kimanin wata biyar suna wannan aiki ƙarƙashin jagorancin wata mata mai koyar da yara kimiyya da fasaha. Sun yi amfani da kayan koyon haɗa manhaja na kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta samar. An ruwaito cewa akwai a cikinsu wadda kafin wannan lokaci ba ta taɓa amfani da kwamfuta ko aika saƙon imel ba.

Yadda manhajar take aiki shi ne, mai saye ya haska kyamarar wayarsa a kan lambar nan mai layi-layi da ke jikin kwalin magani, sai manhajar ta gwada lambar da abin da ke rumbun bayanai, ta faɗa masa ko maganin sahihi ne, da kuma ranar da wa'adinsa zai ƙare.

A shekarar an gabatar da manhajoji fiye da 2,000 daga ƙasashe sama da 100, aka tace aka fitar da ƙungiyoyi 12 zuwa zagayen ƙarshe a jihar Kalifoniya. A rukunin ƙananan ɗalibai, 'yan Nijeriya suka kara da ƙungiyoyi daga Amurka da Sifaniya da Turkiyya da Uzbekistan da Sin, suka zo na ɗaya. Farfesa Yemi Osinbajo, wanda ke riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa a makonnin, ya taya su murna, Gwamna Willie Obiano na Anambra kuma ya karɓe su da suka dawo. Ba su ne farkon 'yan Nijeriya da suka ciyo wannan gasa ba, domin a 2015 wasu 'yan mata daga Kalaba sun yi nasara da manhajar kwashe shara.

Ya kamata a tuna da irin shekarar da abin ya faru a cikinta. A ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka sace ɗalibai mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati da ke Dapchi a jihar Yobe. Wata shida tsakani, sa'o'insu a wani ɓangare na ƙasar suka tsaya gaban duniya suna bayanin yadda za a ceci rai. Ƙasa ɗaya ce, shekara ɗaya, 'yan mata masu kai iri ɗaya. Bambancin shi ne waɗannan an bar su sun zauna a aji lafiya, an kuma ba su dama.

Inda tarbiyyar ta samo tushe

Wanda ya san tarihin makarantun Katolika ba zai yi mamakin ganin ɗalibai a gaban irin wannan aiki ba. Mishan na Katolika ya sauka Anaca a Disambar 1885. Bishop Joseph Shanahan, ɗan ƙasar Ailan, wanda ya ɗauki makaranta a matsayin ginshiƙin aikinsa a yankin, ya lura cewa ilimin maza kaɗai ba zai kai ko'ina ba. A 1924 ya kafa ƙungiyar sistoci ta Holy Rosary musamman domin ilimin mata, suka iso Anaca a 1928. A Arewa ma haka: sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948, kuma makarantar da suka kafa a can ta yaye 'ya'yan Musulmi da na Kirista masu yawa. Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri a Kaduna, asalinta makarantar Katolika ce mai suna Queen of Apostles kafin gwamnati ta karɓe ta a farkon shekarun 1970.

A irin waɗannan makarantu ana koya wa yarinya tun tana ƙarama abin da cocin ke kira ayyukan jinƙai bakwai: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, tufatar da mara sutura, saukar da baƙo, duba mara lafiya, ziyartar ɗaurarre, da binne mamaci. A lokacin azuminsu na kwana 40 da ke gabatar bikin Ista, an saba ɗalibai su rage wani abu daga guzurinsu su tara, a kai gidan marayu ko asibiti. Manya ma suna nuna misali. Babban Bishop na Anaca, Valerian Okeke, ya shahara da zuwa gidan yarin garin a lokutan Kirsimeti da Ista domin yin bikin tare da ɗaurarru.

Akwai kuma ƙungiyoyin da ɗalibai ke gudanarwa da kansu, su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Ƙungiyar St. Vincent de Paul, wadda ake samun rassanta a majami'u da makarantun Katolika da dama a Nijeriya, ɗalibi ne ya kafa ta. Frédéric Ozanam yana da shekara 20 yana karatu a Faris, a 1833, lokacin da aka ƙalubalance shi a wata muhawara cewa ya nuna abin da addininsa ke yi wa matalauta a aikace. Shi da 'yan abokansa suka fara kai wa matalautan birnin itacen jin ɗumi da abinci har gida.

Wata ƙungiyar, ta Matasan Ɗaliban Katolika, tana tafiya ne a kan tsarin da wani limamin coci ɗan Beljiyam, Joseph Cardijn, ya shimfiɗa wa matasan leburori a shekarun 1920. Mataki uku ne: a duba, a auna, a aikata. Wato a fara da ganin halin da mutane ke ciki da ido, a auna shi da ma'aunin gaskiya da adalci, sannan a ɗauki matakin da ake da ikon ɗauka. Fafaroma John na 23 ya amince da wannan tsari a wasiƙarsa ta 1961. Idan aka dubi abin da 'yan matan Anaca suka yi, za a ga ya hau kan waɗannan matakai uku daidai: sun ga ana mutuwa, sun yanke cewa zalunci ne, suka yi abin da hannunsu zai iya.

Daga sadaka zuwa adalci

A koyarwar cocin ana bambanta abubuwa biyu da mutane kan haɗa. Akwai taimakon wanda abu ya riga ya sama, akwai kuma tambayar dalilin da ya sa abin yake samun sa, da neman toshe ƙofar. Tushen na biyun a zamanin nan shi ne wasiƙar da Fafaroma Leo na 13 ya fitar a 1891, mai suna Rerum Novarum, wadda ta yi magana a kan haƙƙin leburan masana'anta na samun albashin da zai riƙe iyalinsa da 'yancinsa na shiga ƙungiyar ƙwadago. Duk ma'aikacin da ya taɓa bin zancen mafi ƙarancin albashi ya san wannan magana ba ta tsufa ba. Fafaroman da aka zaɓa a Mayun 2025 ya ɗauki sunan Leo na 14 ne, kamar yadda ya bayyana da kansa, domin tunawa da wancan.

Kai buhun shinkafa gidan marayu abu ne mai kyau, kuma babu mai raina shi. Amma yarinyar da ta tsaya ta tambaya me ya sa talaka ne ya fi shan jabun magani ta shiga wani fage dabam. Amsar tambayar ba ɓoyayya ba ce. Mafi yawan kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun mai ciwo suke fita, don haka mai ƙaramin ƙarfi yakan nemi mafi araha. Mai hali yana zuwa babban kantin magani mai lasisi a Wuse ko Maitama, wanda ba shi da hali kuma ya tsaya wurin mai tire a tasha. Mai haɗa jabu ya san da wannan, kuma a kan wannan talauci yake cin riba. Manhajar da ke ba mai saye ikon tantancewa da wayarsa, ƙoƙari ne na mayar da ɗan iko hannun wanda ake zalunta.

Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. Ya san 'yan agaji da ke tsayuwa a asibiti da filin idi, ya san ɗaliban ƙungiyar MSSN da ke kai ziyara gidajen yari, ya kuma san matsayin ha'inci a ciniki. Abin dubawa a misalin Anaca shi ne yadda makaranta ta sakar wa yara ragama, ta bar su suka zaɓi matsalar da kansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a tanƙwara shi da lacca kaɗai.

Tsohuwar ɗalibar da ta riga su

Akwai wata da ta bi irin wannan hanya shekaru da dama kafin su, kuma ita ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, 'yar jihar Anambra, ta yi sakandare a Queen of the Rosary da ke Nsukka, makarantar 'yan mata da Katolika suka kafa. A 1988 ƙanwarta mai ciwon sukari ta rasu bayan an yi mata allurar insulin ta jabu. A 2001 aka naɗa ta shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja ta 1993.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A Disambar 2003 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta ya goge fatar kanta. A Maris 2004 aka ƙona gine-ginen hukumar a Legas da ɗakin gwaje-gwajenta na Kaduna. Ba ta janye ba. Alƙaluman da aka fitar a lokacin sun nuna jabun magunguna a kasuwa sun sauko daga kimanin kashi 41 cikin 100 a farkon zuwanta zuwa kimanin kashi 16 a 2006. A Maris 2007 ta rufe kasuwar bakin gadar Anaca baki ɗaya na tsawon watanni.

Wani abu da ta yi wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne kafa ƙungiyoyin kare masu saye na NAFDAC a makarantun sakandare, tare da gasar rubutun insha'i tsakanin ɗalibai. Ta fahimci cewa yarinyar da aka koya wa duba lambar rajista da ranar ƙarewar wa'adi za ta koma gida ta koya wa uwarta. Wannan tsari yana nan a hukumar har yau, kuma shi ne gadar da ta fi kusa tsakanin ɗalibi mai himma da ofishin gwamnati.

Inda ƙarfin yara yake ƙarewa

Gaskiyar da ba a so a faɗa ranar biki ita ce, manhajar tantance magani ba ta fi rumbun bayanan da ke bayanta ba. Wayar tana karanta lamba ne kawai. Wanda zai ce lambar ta gaske ce shi ne mai riƙe da rajistar magunguna, wato hukuma da kamfanonin da ke haɗa su. 'Yan matan sun gane haka, shi ya sa tun a lokacin suka ce burinsu su haɗa hannu da NAFDAC.

Akwai wasu cikas ɗin. Lambar layi-layi ta yau da kullum iri ɗaya ce a kan dukkan kwalayen magani guda, don haka wanda ya iya kwaikwayon kwali zai iya kwaikwayon lambar. Maganin wannan shi ne kowane kwali ya samu lambarsa shi kaɗai, wadda za a bi sawunta daga masana'anta zuwa kanti. Sannan talakan da aka yi abin dominsa sau da yawa ba kwali yake saye ba, ƙwaya biyu ko uku ake yanko masa a naɗe a takarda, babu abin da kyamara za ta haska. Ga kuma rashin babbar waya da rashin sabis a karkara.

Hukumar ba ta zauna haka ba. Tun 2010 ta fito da tsarin nan na kankare wani ɓangare a jikin kwalin magani a aika lambar ta saƙon tes a samu amsa, wanda ake gani musamman a kan maganin zazzaɓin cizon sauro. A ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, wadda ta karɓi ragama a Nuwamban 2017, an fara aikin bin sawun magani da lambar kowane kwali, an kuma buɗe rajistar Greenbook a intanet inda kowa zai iya duba ko magani yana da rajista. A 2022 WHO ta ɗaga hukumar zuwa mataki na uku na ƙwarewa a sa ido. A Kano, an tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa cibiyar sari ta Dangwauro a 2024, bisa tsarin da ke son a raba sarin magani da buɗaɗɗiyar kasuwa.

Duk da haka, a Fabrairun 2025 sai da NAFDAC ta sake rufe kasuwar bakin gadar Anaca, tare da ta Idumota a Legas da ta Aba, ta kuma ce ta kwashe manyan motoci fiye da 100 na jabu da haramtattun magunguna da waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Shugabar hukumar ta fito fili ta ce ana barazana ga rayuwarta. Shekara 18 ke nan bayan rufewar Akunyili, kuma shekara shida da rabi bayan lambar zinaren yaran. Wannan yaƙi ne na jami'an tsaro da kotu da kwastan da kasafin kuɗi, ba na 'yan makaranta ba.

Abin da ya rage a teburin Abuja

Sau da yawa hulɗar gwamnati da irin waɗannan yara tana farawa da gaisuwa ta ƙare da hoto. Mataimaki na musamman ya shirya ziyara, a rubuta wa mai gida jawabi, a miƙa kyauta, kowa ya watse. Abin da yaran suka fi buƙata ya fi wannan arha, amma ya fi shi cin lokaci.

Na farko shi ne amsa. Idan ƙungiyar ɗalibai ta rubuto wa ma'aikata wasiƙa tana neman bayani ko haɗin kai, ya kamata a samu jami'i mai suna da lambar waya da aikin ya rataya a wuyansa. Wasiƙar yara da aka rubuta wa “a ajiye” darasi ce, kuma darasin da take koyarwa shi ne gwamnati ba ta ji.

Na biyu shi ne bayanai. Rajistar magunguna da ta makarantu da ta asibitoci dukiyar jama'a ce. Hukumomi irin su NAFDAC da hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, suna iya shimfiɗa hanya mai tsari da tsaro da matasa masu haɗa manhaja za su jingina aikinsu da ita, ba sai sun san wani a sama ba.

Na uku yana hannun Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar tsara manhajar karatu, NERDC. Darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa yana cikin abin da ake koyarwa a sakandare, amma galibi haddar ma'anoni ce don jarrabawa. Gwamnatin tarayya tana da makarantun haɗin kan ƙasa fiye da 100, da yawansu na 'yan mata ne. Babu abin da zai hana a ce kowane aji ya zaɓi matsala guda a garin da makarantar take, ya bincika, ya yi wani abu a kai, a ba shi maki. Za a ce makarantun mishan na masu kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kuɗin wasunsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai dai a duba, a auna, a aikata ba ya buƙatar janareta. Rijiyar da ta lalace, kwatamin da ya toshe, ko ƙannen da ba a kai rigakafi ba, duk ana ganin su da ido.

Na huɗu, masu yi wa ƙasa hidima. Tun 1973 ake tura su ko'ina, kuma aikin raya al'umma yana cikin wajibansu na mako-mako. Mai hidimar da ya karanta harhaɗa magunguna ko kwamfuta zai iya zama jagoran ƙungiyar ɗalibai na shekara guda, kamar yadda 'yan Anaca suka samu jagora.

Na biyar shi ne kariya. Ɗalibai su jagoranci aiki ba ya nufin a tura su bakin kura. Wanda ya harbi shugabar hukuma ba zai ji tausayin 'yar shekara 14 ba. Ba a aika yara kasuwa su yi leƙen asiri, ba a buga sunan unguwarsu, ba a kuma mayar da su kayan ado a taron siyasa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗora maslahar yaro a gaban komai, kuma hakan ya haɗa da ranar da ake yabonsa.

A ƙarshe, idan takarda ta zo daga makaranta, a dubi abin da ke cikinta kafin a dubi tambarin da ke samanta, ko gicciye ne ko jinjirin wata. Jabun maganin da aka loda a bakin gadar Anaca ba ya tambayar addinin yaron da za a ɗura wa a Gusau ko Makurɗi.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Haka ne a mafi yawan lokuta. Amma akwai abin da babba ya daina gani saboda ya saba da shi, yaro kuma yana ganin sa sabo. 'Yan mata biyar ɗin nan yanzu sun girma, sa'o'insu sun gama jami'a sun shiga neman aiki, wasu ma suna zaune a ƙananan kujerun ma'aikatu. A bayansu akwai wasu a aji, a Anaca da Kano da Dapchi, da za su ga wata matsalar su rubuto. Ranar da wasiƙarsu ta iso rajista, wani ma'aikaci ne zai buɗe ta, kuma shi ne zai rubuta abin da za a yi da ita a gefen takardar.